Mashin Ma Sai da Takardunsa

Masu sauraro, ga filin amsa tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako yawancinsu a kan tsallaka iyaka da mashin suke, don haka na ware su gefe guda, sauran kuma sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Kamar yadda muka saba a irin wannan batu, ba zan kama sunan kowa ba, garinsa kawai zan faɗa.

Ta farko daga Furfuri ta fito. Ga abin da yake cewa, da bakinsa na Zamfara:

"Malam, ni manomi ne, ina kuma taɓa kabu-kabu in rani ya yi. Ɗiyar yayata anka sa wa ranar aure a Maraɗi, kuma ina son in tahi da mashin ɗina, don kuɗin mota sun yi yawa. Hannu na biyu na saye shi a Gusau, rasit ɗin da sunan wani yake, lamba kuma babu. Abokaina sun ce ba komi, Nijar gida ce. Mi kag gani?"

To ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Abokanka ba su yi ƙarya ba da suka ce Nijar gida ce. Sarkinmu na Gusau sarautarsa Sarkin Katsina, na Maraɗi ma Sarkin Katsina, kuma Gobirawan Tsibiri da na Sabon Birni dangin juna ne. Turawan Ingila da na Faransa ne suka zauna a 1898 da 1904 da 1906 suka ja layi tsakanin gidaje. Amma jandarman da zai tsayar da kai a hanyar Ɗan Isa ba zai tambaye ka asalin kakanka ba. Abu biyu zai tambaya: kai wane ne, kuma wannan mashin na wane ne. Kowace tambaya da takardarta.

Mu fara da taka. Tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka yarda cewa ɗan kowace ƙasa zai shiga ɗayar ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana riƙe da takardar tafiya mai kyau da katin rigakafi. Takardar tafiya ita ce fasfo, ko ƙaramin littafin nan na ECOWAS, kuma duka biyun a ofishin shige da fice ake yi, akwai shi nan Gusau. Sai ka je da lambar NIN ɗinka. Katin rigakafi kuwa shi ne mai ruwan ɗorawa, wanda ke nuna an yi maka allurar cutar shawara. Kada ka saya a hannun 'yan tasha, je ka a yi maka allurar a ba ka na gaskiya, don jami'an lafiya na bakin iyaka suna gane na bogi.

Sai dai al'amura sun canza. A ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya hau. Aka rufe iyaka wata da watanni, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024. A ranar 29 ga Janairun 2025 kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. ECOWAS ta ce a nata ɓangaren a ci gaba da barin mutanen ƙasashen uku suna shige da fice kamar da, amma a farkon shekarar an yi ta jin koken matafiya cewa an mayar da su daga wasu ƙofofin Nijar saboda takardun da suke riƙe da su. Saboda haka in da hali, cikakken fasfo ya fi kwanciyar rai. Kuma kwana ɗaya ko biyu kafin ka tashi, ka buga wa 'yan'uwanka na Maraɗi waya, ka kuma leƙa tasha ka tambayi direbobin da ke zuwa Jibiya da Illela abin da ake nema a wannan makon. Su ne suka fi kowa sanin halin da ƙofa take ciki.

Na san za ka ce ai mutanen Jibiya da Magama kullum suna shiga suna fita, ba wanda ya tambaye su ko ƙyalle. Gaskiya ne, amma su an san fuskokinsu, wani jami'in ma a gidansu yake haya. Kai daga Furfuri ka fito, ba wanda ya san ka.

Yanzu mu zo kan mashin, don nan ne matsalarka take. A wannan yanki namu mashin ya daina zama abin hawa kawai a idon jami'in tsaro, saboda da shi 'yan bindiga ke shiga gari su fita. A 2019 rundunar soja ta hana hawa mashin a dazuzzukan jihohi bakwai, har da tamu. A Satumbar 2021, lokacin Gwamna Bello Matawalle, duk mun gani: aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka, aka ƙayyade lokacin hawa mashin. Can ma haka ne. Nijar ta hana hawa mashin a Diffa a 2015, ta kuma hana a sassan Tillaberi a farkon 2020. Ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji, waɗanda za ka ratsa ko ka wuce kusa da su, sun sha satar mutane da satar shanu kamar yadda muka sha. To ka duba da idon jandarma: ga baƙo daga Zamfara, bisa mashin marar lamba, rasit da sunan wani. Ko kai ne a wurinsa, me za ka yi zato?

Ga abin da za ka yi, ko da ka fasa tafiyar. Ka koma wurin wanda ya sayar maka, ku rubuta takardar ciniki, da sunansa da naka, da kuɗin da ka biya, da lambar injin, da lambar casis. Shaidu biyu su sa hannu, in da mai unguwa a ciki ya fi. Ka karɓi hoton katin shaidarsa ka haɗa da tsohon rasit. In ya fara yi maka hanya-hanya, ya ce me ya kawo wannan dogon zance, to ka fara tunanin inda mashin ɗin ya fito. Daga nan sai ofishin lasin na hukumar tara haraji ta jiha, a yi masa rajista da sunanka, a ba ka lamba da takardar shaidar mallaka da lasin abin hawa. Sai inshora. Sai lasin tuƙi naka, na mashin shi ne rukunin A. Yarjejeniyar ECOWAS ɗin nan ta lissafa su: lasin tuƙi, takardar mallaka, inshorar da ƙasashen suka amince da ita, da takardar kwastan. Inshorar da ake nufi ita ce kati mai ruwan ƙasa da aka kafa tsarinsa a 1982, wanda ke biyan wanda ka buge a wata ƙasa. In za ka saya, ka sa kamfanin ya nuna maka a rubuce cewa ƙasar da za ka tana cikin waɗanda katin ya shafa.

Wani abu da mutane ke rainawa: lambobin nan biyu. Ka tsuguna ka goge wurin da tsumma da ɗan fetur, ka karanta su ɗaya bayan ɗaya kana dubawa da abin da ke kan takarda. Magatakarda yana iya rubuta 8 a maimakon 3, kai ba ka lura ba, sai a bakin iyaka a ce maka wannan takardar ta wani mashin ce. Kuma in makaniki ya taɓa canza maka injin, kamar yadda 'yan kabu-kabu ke yi in Boxer ta gaji, ka riƙe rasit ɗin sabon injin.

In ka isa ƙofa, kada ka wuce kowa da gudu don ka ga wasu suna wucewa. A ɓangarenmu, shige da fice su buga maka hatimin fita, kwastan su ga takardun mashin. A ɓangarensu, 'yan sanda su buga na shiga, 'yan duwan, wato kwastan ɗinsu, su ba ka takardar izinin shiga da abin hawa na ɗan lokaci, wadda suke ce wa lesefase. Ka duba kwanakin da aka rubuta a kanta, ka fito kafin su cika, kuma ka dawo ta ƙofar da ka shiga don a soke ta. Duk kuɗin da ka biya ka nemi rasit. Ka kuma kula da lissafinsu, don da dala suke ƙirga: dala ɗaya sefa 5 ce, in an ce maka dala ɗari ana nufin sefa 500, jika ɗaya kuwa sefa 1,000. Ka canza kuɗinka a Jibiya ko Illela kafin ka tsallaka.

Saura hanya. Mafi kusa ita ce Ƙaura, Zurmi, Gurbin Ɓaure, Jibiya. Ita ce kuma gwamnatin Katsina ta rufe ɗungurungum a 2021 saboda abin da ke faruwa a kanta, kuma ni ba zan ce wa mai sauraro ya bi ta shi kaɗai a kan mashin ba. In ka zagaya ta Tsafe da Funtuwa zuwa Katsina, ka ninka tafiya, kuma tsakanin Tsafe da 'Yankara ma sai da addu'a. In ka bi ta Mafara zuwa Sakkwato, sama da kilomita 200 ke nan, ka ƙara zuwa Illela, ka shiga Ƙonni, sannan ka sake wasu sama da 200 ta Madawa kafin Maraɗi. Ka lissafa fetur a farashin yau, ka lissafa kwana a hanya, tunda ba a tafiyar dare. Ni dai a ganina, don biki na kwana uku, ka bar mashin a gida ka hau mota, kuɗin da ka rage ka ƙara wa amarya gudummawa. Amma takardun ka yi su, don ko tsakanin Furfuri da Gusau za su yi maka rana.

Wasiƙa ta biyu daga Bunguɗu. Shi ya riga ya faɗa ramin. Ya ce sun bi ɓarauniyar hanya su biyu don su kauce wa shingaye, jami'ai suka tare su a can ɓangaren, suka sake su bayan kwana biyu amma suka riƙe mashin. Wani ya ce ya ba shi kuɗi zai fito masa da shi. Yana tambaya ya bayar ko kada ya bayar.

Malam, ka gode wa Allah da jami'ai ne suka tare ku. Hanyoyin nan na daji da 'yan fasa-ƙwauri ke bi, su ne dai 'yan bindiga ke bi, kuma soja in ya hango mashin a can ba ya tsayawa tambaya. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Kada ka ba ɗan tsakiya ko sisi tukuna. Abu na farko, ka gano wane ne ke riƙe da mashin ɗin, don jandarma daban, 'yan sanda daban, duwan daban, kuma kowa da irin laifin da yake tuhuma. In duwan ne, magana ce ta shigar da kaya ba bisa ƙa'ida ba, galibi tara ce, a biya a karɓi rasit. In jandarma ne, suna son su tabbatar mashin ɗin ba na sata ba ne, ba a kuma yi ɓarna da shi ba. Ka tara takardunka na asali, ka shiga ta ƙofar hukuma wannan karon, da hatimi a fasfonka, ka nemi wani dattijo ɗan garin da aka sani ya raka ka. A garuruwa irin su Maraɗi da Ƙonni akwai shugabannin 'yan Najeriya mazauna can, kuma shugabannin 'yan kabu-kabu ma sun saba da irin wannan. In abin ya gagara, ofishin jakadancinmu yana Yamai. Kada ka bari ya daɗe, don abin hawan da ya shekara a harabar ofis, ko an ba ka shi, sai ka sayi rabinsa sabo. In kuwa ba ka da takarda ko ɗaya da ke nuna naka ne, to gaskiya ɗaya ce, da wuya ya dawo.

Sai wata Hajiya daga Tsafe. Ɗanta ne yake son ya tafi Ƙonni da mashin ya yi kabu-kabu, don an ce masa sefa ta fi naira auki. Tana tambaya ko akwai laifi.

Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Neman halal ba laifi ba ne, amma ziyara daban, sana'a daban. Lesefase ta baƙo ce mai wucewa, ba ta ba shi damar ɗaukar fasinja a cikin gari. Ko a yarjejeniyar ECOWAS, abin hawa na gida aka ba kwana 90, na haya kwana 15 kawai. In da gaske zama zai yi, sai ya nemi takardar zama, ya biya wa mashin kuɗin duwan ya sami lambar can, ya yi rajista da ƙungiyar 'yan kabu-kabu da ofishin magajin gari. Wasu suna ganin ya fi sauƙi su sayar da nasu a nan, su sayi mai lambar can idan sun isa. Ki sa ya sami wanda zai sauka a hannunsa kafin ya tashi, kuma ki karɓi lambar wayar mutumin.

Ga wani saƙo ta waya daga Kwatarkwashi, gajere, da zafinsa: "Duk wannan maganar takarda banza ce. Ko kana da su sai ka ba da na goro. Ku faɗi gaskiya."

To ai gaskiyar za mu faɗa. Ana karɓa. Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Jibiya ko Sakkwato zuwa Illela ya ga yawan shingayen, kuma 'yan kasuwa sun sha kai kuka a kai. Ba zan zauna a nan in ce maka takarda tana hana a miƙo maka hannu ba. Abin da take hanawa shi ne a yi maka ciniki da mashin ɗinka. Wanda takardunsa suka cika, in ya ƙi bayarwa, iyaka a ɓata masa lokaci. Wanda ba shi da su, duk abin da aka yanka masa sai ya biya, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Kuma akwai yadda ake tsayawa a shinge. Ka rage gudu tun daga nesa, ka kashe injin, ka cire rawani ko takunkumin da ya rufe maka fuska, ka yi sallama. Hannunka a fili. Ka yi wa takardunka hoto biyu-biyu, ka fara miƙa hoton, na asali yana cikin leda a aljihun ciki, in an nema ka nuna. Amsarka ta zama ɗaya a kowane shinge: daga ina, zuwa ina, wurin wa. Kada ka ɗauki saƙon da ba ka buɗe ka gani ba, ko na wane ne, don ƙwaya da harsashi a cikin irin wannan ƙunshin suke tafiya. Jarkar fetur ma ka bar ta. In an ce ka yi laifi, ka tambaya cikin ladabi wane laifi ne, ka ce a rubuta maka rasit. Sau da yawa wannan kalmar kaɗai tana rage farashi, wani lokaci ta kashe maganar. In an zalunce ka a ɓangarenmu, ka riƙe sunan wurin da lokaci da sunan da ke ƙirjin rigar jami'in, rundunar 'yan sanda tana da sashen karɓar koke tun 2015, shige da fice da kwastan ma suna da nasu. Amma a can bakin daji, kai kaɗai, ba wurin jayayya ba ne. Ka kai kanka gida tukuna.

Ta ƙarshe ta wani ɗalibi ce daga Gusau, kuma ta sa ni murmushi. Ya ce ya ga labarin Kunle Adeyanju, wanda ya taso daga Landan a kan mashin a watan Afrilun 2022 ya iso Legas a ƙarshen Mayu, don yaƙi da cutar shan inna. Shi ma yana son ya je Kumasi wurin kawunsa da ke zango, ya dawo.

Ƙanena, ba kai ne farkon ɗan ƙasar nan da ya yi marmarin wannan hanya ba. Kakanninmu fatake sun bi ta da jakuna zuwa Gwanja da Salaga sayen goro, kuma su ma ba su wuce kyauta ba: kowane sarki da kuɗin da yake karɓa, kowane kogi da kuɗin fito, madugu ne ke zama ya yi ciniki a madadin ayari. Zangon da kawunka yake zaune, irin waɗannan tafiye-tafiyen ne suka kafa shi.

Benin da Togo da Ghana duk suna cikin ECOWAS, don haka ba ka bukatar biza. Fasfo, katin rigakafi, kati mai ruwan ƙasa, takardun mashin da sunanka, ka ƙara da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, don ɗan sandan Kwatano ko Lome ba lallai ya karanta namu ba. A da mutanenmu ta Kamba suke bi su shiga Gaya, su haye gada zuwa Malanbil, amma rikicin Nijar da Benin tun 2023 ya dagula wannan hanya, arewacin Benin ɗin ma yanzu yana fama da hare-hare. Wadda zan ba ka shawara ita ce ta kudu: Legas, Seme, Kwatano, Lome, Aflawo, Akara, sannan Kumasi. Iyaka uku ke nan a zuwa, uku a dawowa, kowace da hatiminta da takardar mashin ɗinta. Sefa a Benin da Togo, sidi a Ghana. Hular kwano dole, a Kwatano ba a wasa da ita.

Shi wanda ka gani a labarai babban mashin ya hau, da ƙungiya a bayansa, da mutanen da ke jiransa a kowane gari. Kai ka fara gwada kanka da Gusau zuwa Zariya ka dawo, ka ji abin da bayanka zai gaya maka. In har yanzu kana so, ka nemi abokin tafiya, ka nemi izinin iyayenka, ka sake rubuto mana mu zauna mu lissafa kuɗin tare.

Lokaci ya cimma mu. Wanda ya aiko da tambaya a kan sayen mashin a Maraɗi a shigo da shi gida, na ga wasiƙarka, ita za mu fara da ita mako mai zuwa, don maganar kuɗin kwastan tana bukatar fili. Kafin nan kada ka biya kowa kuɗin ajo. A ci gaba da aiko da wasiƙu ta hanyar da aka saba.